Takardar gida ta ce AA, likitan Ingila ya ce akwai talasimiya

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Ingila ya rubuto cewa an gwada jininsa a can, aka ce yana ɗauke da ƙwayar gadon beta talasimiya, wata cutar ƙarancin jini da ake gada, alhali takardarsa ta gida AA ta nuna. Yarinyar da zai aura AS ce, an kusa sa rana. Yana tambaya wace takarda zai bi, kuma ko abin zai taɓa aikinsa ko bizar matar.

Ɗan'uwa, takardun biyu ba su saɓa wa juna ba. Gwajin jinsin jini da aka saba yi yana neman S da C ne, mai ɗauke da beta talasimiya kuwa AA yake fitowa. Ana gano shi ne a ƙidayar jini: ƙwayoyin ja ƙanana, MCV (girman ƙwayar) ƙasa da 80, MCH (yawan haemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, a cikinta) ƙasa da 27, sannan gwajin HPLC, mai auna kowane nau'in haemogulobin, ya nuna nau'in HbA2 ya haura kashi 3.5 cikin ɗari. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana ƙanƙanta ƙwayoyin, don haka a auna feritin, ma'aunin ƙarfen da ke ajiye a jiki, kada ka fara shan maganin ƙarin jini da kanka.

Kai ba mara lafiya ba ne. Ɗaukar ƙwayar ba ya hana aiki, kuma gwajin lafiyar da Ingila ke nema daga ɗan Najeriya mai zuwa zaman fiye da wata 6 na tarin fuka ne.

Inda maganar take da nauyi shi ne 'ya'ya. Idan ƙwayarka ta haɗu da S ɗinta, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai sikila irin ta S da beta talasimiya. Lissafin yana sabuntuwa da kowane ciki, haihuwar ɗaya mai ciwon ba ta tsare na bayansa. Tsananin ya dogara da irin ƙwayarka. Idan wadda ba ta yin haemogulobin A (mai lafiya) ce sam, ciwon kamar na SS ne: ciwon ƙashi mai tsanani, ƙarancin jini, yawan kwanciya asibiti. Idan wadda ke yin kaɗan ce, sau da yawa da sauƙi, ko da yake ba a rasa wahala. Gwajin DNA ne ke bambancewa, don haka ka roƙi likitanka ya tura ka wurin masu ba da shawara kan cututtukan jini na gado a ƙarƙashin NHS, hukumar lafiya ta Ingila.

Ita ma a sake gwada ta a ɗakin gwaji mai HPLC, tare da cikakkiyar ƙidayar jini, kuma kada ya zama an ƙara mata jini cikin wata 3 da suka wuce, domin jinin wani yana rikita sakamako. A karɓo takardar da ke ɗauke da alƙaluma, ba haruffa biyu kawai ba. Mai AS na gaskiya, S ɗinsa yakan tsaya wajen kashi 35 zuwa 40, ƙasa da A. Idan S ya fi A yawa, wannan ba AS ba ce, sai likitan jini ya duba.

Ina roƙonka ka gaya mata da bakinka tun kafin a sa rana, ka tura mata takardarka, sannan ku sanar da iyaye tare. Ɓoyewa zalunci ne a kanta. Ka kuma faɗa wa 'yan'uwanka na ciki ɗaya su yi irin gwajin, domin kusan tabbas daga Baba ko Mama ka gada.

Idan kun yanke shawarar yin auren ta zo Ingila, ta yi rajista da ungozoma da zarar ta sami ciki, don ana son a kammala gwajin sikila da talasimiya na mai ciki kafin mako 10. Ana iya duba ɗan tayi ta mahaifa tsakanin mako 11 da 14, jariri kuma ana ɗibar jini a diddigensa a rana ta 5. Wanda aka gano da wuri ana fara ba shi fenisilin kafin ya cika wata 3, don kare shi daga cututtukan da ke kashe irin waɗannan jarirai.