Tambaya da Amsa: Ina so in koma tuƙa ƙaramin jirgin sama mai rimot

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, ina zaune a Birnin Kebbi. Lokacin da nake karatu a Zariya na koyi haɗa ƙananan jiragen sama da katakon balsa marar nauyi, ina tuƙa su da rimot, daga baya aiki da hidimar iyali suka raba ni da abin. Yanzu na sami sarari ina so in koma, kuma babban burina shi ne in ƙera samfurin Dakota, jirgin da nake ƙauna tun ƙuruciya. Shin in fara da shi kai tsaye? Me kuma ya sauya a bayana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan hutu. Shawarata ita ce ka riƙe burinka na Dakota, amma kada ya zama jirgin da za ka fara ɗagawa sama.

Ƙaunar da kake yi masa tana kan hanya. Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera shi da sunan DC-3, ya fara tashi ranar 17 ga Disamba, 1935, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu aka yi dubbai na samfurinsa na soja, wanda Turawan Ingila suka raɗa wa suna Dakota. Kamfanin Nigeria Airways da aka kafa a 1958 ya yi jigilar fasinja da shi a cikin gida, kuma har yau akwai waɗanda ke tashi a wasu ƙasashe. Sai dai siffofin da suka ƙawata shi su ne suke wahalar da mai tuƙa ƙaraminsa. Fukafukansa a ƙasan gangar jiki suke, kuma suna sirancewa zuwa baki, don haka idan gudu ya ragu wajen sauka, fiffike ɗaya kan riga ɗan'uwansa rasa iska, jirgin ya kife kafin hannu ya kai ga gyara. Ga shi da inji biyu, wanda idan ɗaya ya mutu a sama, na biyun zai fizgi jirgin gefe guda. Aikin watanni yana iya zama tarkace a tashin farko, kuma na tabbata irin wannan asara ce take sa mutane da yawa su sake ajiye rimot.

Ka fara da samfurin Piper Cub, wanda shi ma tsohon jirgi ne mai daraja, ɗan rawayan nan da aka soma ƙerawa a 1938, aka koya wa matuƙa masu ɗimbin yawa tuƙi da shi. Fiffikensa a sama yake, nauyin jirgin yana rataye a ƙarƙashinsa, saboda haka yana da natsuwa kuma yana jure tafiya a hankali. Yana da ƙaramar taya a wutsiya kamar Dakota, wato duk tashi da saukar da ka yi da shi horo ne na jirgin da kake buri. Ka sayi na soso marar nauyi wanda aka riga aka haɗa, domin idan ya karye gam yana mayar da shi, balsa kuwa ka adana ta sai hannunka ya dawo.

Abin da ya fi sauyawa shi ne rediyon. A zamaninku ana aiki da zangon rediyo na megahaz 27 ko 35 ko 72, kuma idan mutum biyu suka kunna a zango ɗaya, jirgin ɗaya ya faɗo. Na yanzu suna kan gigahaz 2.4, kowane jirgi yana ƙulle da rimot ɗinsa shi kaɗai. Injin metanol da man zurma, mai ƙara da maiƙo, ya ba da wuri ga injin lantarki da batirin LiPo mai caji, wanda ya rage haɗarin mutuwar inji ɗaya a jirgi irin Dakota. Amma wannan batir yana buƙatar kula ta gaske, musamman a garinku da zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40. Kowane ɗaki na batirin, wato kowane ƙaramin batir da ke cikinsa, yana cika ne a bolt 4.2, ana ajiye shi a wajen 3.8 idan ba za a yi aiki da shi ba, kuma ba a zuƙe shi ƙarƙaf. Kada ka bar shi cikin mota a rana, kada ka sa shi caji ka tafi masallaci, kuma duk wanda ya kumbura ka daina amfani da shi, domin yana kamawa da wuta.

Kafin ka fita fili, ka haɗa rimot ɗinka da manhajar gwajin tuƙi a kwamfuta, ka maimaita juyo da jirgi yana fuskantarka, inda dama da hagu suke rikita mutum. Ka kuma auna daidaiton nauyi ta hanyar ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gabansa. Hanci ya ɗan rinjaya ya fi a ce wutsiya ce ta yi nauyi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe kafin iska ta taso, kuma ranar da hazon hunturu ya yi kauri ka haƙura, domin jirgin da ido bai gani ba ba ya tuƙuwa.

Batun izini kuwa kada ka ɗauke shi da wasa, domin yanayin tsaro ya sa duk abin da ya tashi sama yana jawo zargi. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba, don haka ka tuntuɓe ta game da naka kafin ka yi odar kaya. Ka nisanci filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da barikin soja da wayoyin lantarki, ka nemi busasshen fili mai faɗi a bayan gari, ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin. Yara za su taru ko ba ka kira su ba, sai ka tsayar da su a bayanka, nesa da farfela, kafin ka haɗa batir.