Gadar Prince Edward ta Toronto: me ya sa take da hawa biyu?

Malam, ka tambaya ko jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin titin gadar nan ta birnin Toronto, a ƙasar Kanada, daga baya aka yi masa hanya. Tun farko aka tanadi wurinsa, kuma abin da ya fi burge ni da ita ke nan.

An fara ginin a 1915, aka buɗe ta a 1918. Tsawonta mita 494, tana ƙetare kwarin kogin Don a tsayin kusan mita 40, bisa bakunan ƙarfe da ke zaune kan ginshiƙan kankare. A lokacin, Toronto ba ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa ko ɗaya. Duk da haka kwamishinan ayyuka na birnin, R. C. Harris, ya dage sai an yi hawa na biyu a ƙarƙashin titin motoci, ko da yake wasu sun ga ɓarnar kuɗi ce. Hawan nan ya zauna wayam kusan shekara hamsin.

Sai a 1966, da aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Bloor–Danforth, jirage suka fara bin dogon da aka shimfiɗa a kansa, ba tare da an gina wata sabuwar gada kan kogin ba. Har yau jiragen ta nan suke wucewa.