A Gwada Ƙarfen Alhaji Ko A Ƙyale Shi?

Ɗana, saƙonka ya same ni a Kumasi lafiya. Ka ce a wurin aikinku na gyaran jiragen sama a Akra an umarce ka ka yanki samfuri daga sandunan alminiyam da aka sayo ka kai ɗakin gwaji, alhali wanda ya kawo su, wato Alhaji, aminin mahaifinka ne, kuma ya haɗo da takardar shaida. Kana tambaya ko a al'adarmu wannan ba cin fuska ba ne ga babba.

Ba cin fuska ba ne. Wanda ya ce maka kunya ta hana duba kaya bai san kasuwar kakanninsa ba. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga, daga baya Kumasi, sayen goron Asante ba sa biyan kuɗin huhu a ɗaure. A gaban fatoma ake kwance shi, a yaye ganyen, mai saye ya cusa hannu can tsakiya, don kowa ya san marsa ake jerawa a sama. Ya fasa 'yan ƙwayoyi ya duba ko sankara ta ci su. Mai goro na zaune yana kallo, ba ya fushi, domin shi ma haka ya yi wa wanda ya sayar masa. Kuma ka san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya taɓo danshi a ƙasa, ya ce mai algus ba ya cikinmu.

Ƙarfenku ya fi goro ɓoye aibi. Alminiyam mai lamba 7075 da mai lamba 6061 ido ba ya raba su, amma idan an gasa kowanne da zafi yadda ya kamata don ya yi ƙwari, na farkon ya kusa ninka na biyun ƙarfi. Alhaji kansa ba shi ya narka shi ba. Saya ya yi daga wani, wanin ma daga wani, takardar tana bin kayan hannu zuwa hannu. A 2017 kamfanin Kobe Steel na Japan ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna sauya alƙaluman gwajin alminiyam da tagulla. A 2024 hukumar jiragen sama ta Amurka ta binciki taitaniyam mai takardun jabu da ya shiga jiragen Boeing da Airbus. Idan an iya ruɗin waɗannan, ina ga dattijo mai shago ɗaya? Shi ya sa AS9100, ƙa'idar ingancin aiki ta masana'antar jiragen sama, ba ta yarda a dogara ga takarda kaɗai ba a kayan da hatsarinsu ke da girma.

Fara da lambar narki da aka buga a jikin sandar, wato lambar da masana'anta ke ba kowane zubin ƙarfe, ka ga ko ita ce a takardar, harafi da harafi. Na'urar hannu mai kama da bindiga da ake auna sinadaran ƙarfe da ita za ta nuna maka zinki ko tagullar da ke ciki, amma ba ta san ko an gasa ƙarfen daidai ba. Wannan sai gwajin tauri da na yadda lantarki ke ratsa shi. In ka yanka, maida lambar a kan ragowar nan take. Matasa a nan suke sakaci, sai guntu ya koma kanta ba a san asalinsa ba.

Inda al'ada ta ɗaure ka shi ne yadda za ka yi. Kada Alhaji ya ji a bakin wani. Je gidansa da kanka bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba, kowane kaya haka ake yi masa, ko daga Jamus ya zo. In ya miƙo maka ɗan abin shan ruwa, ka yi godiya ka ba da haƙuri har a gama. Kayan suka ci gwaji, koma ka yi masa albishir. Suka faɗi, ka liƙa musu alamar hani, ka keɓe su, ka rubuta rahoto kamar na kowa, sannan ka nemi izinin shugabanka ka sanar da shi a keɓe, domin ya bi wanda ya sayar masa tun kuɗinsa bai yi nisa ba.

Mahaifinka kuwa bar mini shi, zan kira shi da kaina. Ka gaida mutanen Nima.