Kifin adona ya lafe a ƙasan ruwa, me ya same shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da kifin ado guda uku, irin masu ruwan zinare, a cikin tulun gilashi a falo. Kwana huɗu ke nan ɗaya ya lafe a ƙasa ba ya cin abinci, sauran biyun kuma suna tasowa sama suna buɗe baki. Duk Juma'a nakan zubar da ruwan gaba ɗaya, in wanke tulun da sabulu, in cika da na famfo. Wane magani zan saya? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye batun magani tukuna, don ni ruwan nake zargi.

Mu mutanen Kebbi mun saba da tarwaɗa, wadda ake kamowa a Argungu a jefa cikin bokiti ta kwana da ranta, saboda tana iya shaƙar iska kai tsaye. Wannan naki ɗan gata ne. Asalinsa daga Sin yake, kuma ya fi jin daɗin ruwa mai sanyi, kamar digiri 18 zuwa 24. To ga mu a bazara, zafi na haura 40. Idan ruwa ya ɗumama, iskar oksijin da ke cikinsa takan ragu, shi ya sa biyun nan suke haki a sama. Tulun ma bakinsa tsukakke ne, iska ba ta shiga sosai.

Wankin Juma'ar nan kuwa, duk da niyyarki mai kyau ce, shi ne babban laifin. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce mai ƙona kunnuwan da yake numfashi da su. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a jikin tsakuwa da matatar ruwa suna cinye gubar. Duk ranar da kika wanke tas, kin kashe waɗannan ƙwayoyin. Sabulu kansa guba ne ga kifi, ga kuma sinadarin kulorin na ruwan famfo.

Yau ɗin nan ki kwashe kashi ɗaya bisa uku na ruwan kawai, ki mayar da wanda ya kwana a buɗaɗɗiyar roba don kulorin ya fice, gobe ki sake. Daga nan sau ɗaya a mako ya isa. Ki hana su abinci kwana biyu, ba abin da zai same su, sannan ki riƙa ba su abin da za su cinye cikin minti biyu. Ki ja wa yara kunne, don yawanci su ke zuba burodi a ɓoye.

Ki ɗauke tulun daga bakin taga. Da tsakar rana ki sa rufaffiyar gorar ruwan sanyi ta yi iyo a ciki, amma ban da ƙanƙara kai tsaye, sauyin farat ɗaya na iya kashe su. Ki nemi ƙaramin injin hura iska mai batir saboda ɗaukewar wuta. In da hali a canza musu gida mai faɗi, domin masu kiwonsa kan ware wa kifi ɗaya wajen lita 75, wato jarka uku.

Idan bayan kwana uku wanda ya lafe ɗin bai tashi ba, ko kika ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsa, ko yana kifewa a ruwa, ki ware shi daban ki sake turo mini bayani, wannan kam sai da magani.