Shagon maƙwabcina ya ƙone: inshora zan saya ko wata magaza zan kama?

Wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari a ɗaya daga cikin kasuwannin Yamai ya aiko da wannan tambaya: "Malam, gobara ta cinye shagon maƙwabcina cikin dare. Mutumin da ke sauke tirela, yanzu a bencin ƙofar shagona yake yini. Ina da kaya na kusan miliyan 18 na sefa, shinkafa da taliya da mai da sukari, duk a shago da magazar da ke manne da shi. Na ware miliyan 2. In sayi inshora ne, ko in kama wata magaza a Harobanda, hayin kogi, inda haya ke da sauƙi?"

Alhaji, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, ya kuma tsare na gaba. Ka ga gemun ɗan'uwa ya kama, ka tashi neman ruwa, kuma ka yi daidai. Sai dai kafin mu taɓa miliyan biyun nan, ina so ka koma wurin mutumin da ke kan bencinka ka tambaye shi abu guda: littafin bashinsa yana ina? Na kusan rantsewa zai ce maka yana cikin durowar teburi, ya ƙone tare da teburin.

Na zauna da 'yan kasuwa da dama bayan irin wannan masifa. Kaya suna dawowa, domin dilan da ya san ka shekara goma zai iya sauke maka buhu ɗari ya ce ka biya in ka sayar. Abin da ba ya dawowa shi ne kuɗin da ke hannun mutane. Ɗan sari irinka, wani lokaci sulusin jarinsa yana waje, wurin masu tebur da masu butik na unguwa da matan da ke dafa abinci. Ran da littafi ya zama toka, mai bashin jika 400 zai tuna jika 150 kawai, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, shi ma da rubutunka ya dogara. Waɗanda kuma suke bin ka, su nasu littafin yana nan lafiya lau. Haka mutum ke wayar gari ana bin sa, shi ba ya bin kowa.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. Kowace yamma kafin a ja ƙofa, yaronka ya ɗauki hoton shafin ranar da waya, ya tura maka ta WhatsApp, ya tura wa mutum na biyu da ba ya kwana kusa da kasuwa, ƙaninka ko uwargida. Hoton ya fito sarai, a ga suna da kwanan wata da adadi. Haka za a yi wa takardun sayen kaya, da takardar haya, da RCCM (rajistar kasuwanci) da NIF (lambar haraji). Na asalin su koma gida cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi sama, kwafi ya zauna a shago. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ita ma ta ce a adana littattafan lissafi shekara 10, amma ni ba don mai duba haraji nake faɗa maka ba. Kuma wayar da hotunan ke ciki kada ta kwana a caji a cikin shagon, na taɓa ganin wanda ya yi haka.

Batun magaza ta biyu, ina goyon bayansa, amma ka lura da inda za ka sa ƙafa. Hayar wasu wurare a Harobanda tana da sauƙi ne saboda dalili. A damunar 2020, da kogin Kwara ya fasa madatsa, unguwannin Lamorde da Karaje da Kirkisoye sun sha ruwa, mutane da kwale-kwale suka fita daga gidajensu. Ka gudu daga wuta ka kai sukari bakin kogi, ba ka yi komai ba. In can ɗin za ka, nemi tudu, tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar, duba bango ko akwai zanen da ruwa ya bari. A jera kaya kan katako, kada buhu ya taɓa ƙasa. Kuma ba sai babba ba: ɗaki guda da zai ɗauki kayan cinikin mako biyu ya isa, domin amfaninsa shi ne washegarin masifa ka shimfiɗa buhu ko a gindin bishiya ka ci gaba da sallamar masu sayenka. Mai butik da ya zo sau biyu bai same ka ba, ya riga ya yi sabon ubangida.

Garin nan ya sha ganin haka. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, sai 1987 aka sake buɗe ta. Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012. Tsakanin ƙonewa da sake gini shekaru ne, kuma cikin shekarun nan ne ake gane wanda ke da wani abu a waje.

Yanzu inshora. Saye ta, amma da idonka buɗe. A ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, har da Nijar, kariya ba ta farawa sai an biya kuɗin. Akwai kuma tarkon da 'yan kasuwa ke jefa kansu da hannunsu: don a rage musu kuɗi sai su ce kayansu na miliyan 9 ne alhali na 18 ne. In wuta ta ci na miliyan 6, kamfani zai ce rabi ka sa a inshora, saboda haka rabi za a biya ka, miliyan 3. Faɗi gaskiyar ƙimar kayan, ka yi la'akari da watan azumi lokacin da magaza ke cika har rufi. Tambaye su ƙarara, su nuna maka a rubuce: ambaliya tana ciki ko gobara kaɗai? In wutar daga shagon maƙwabci ta taso fa? Cikin kwana nawa za ka sanar da su? In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, tambaya ko suna da tsarin takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, ka kuma ji ta bakin malaminka. Ko wace iri ka ɗauka, ranar biya hujja za su nema, sai mu sake komawa kan hotunan nan na yamma.

Daga cikin kuɗin ka cire kaɗan ka kira mai gyaran kuran na kirki ya canza wayoyin da aka yi wa ɗaurin gwarmai, ya sa makashi guda a bakin ƙofa wanda za a kashe kowane dare. Sayi tukunyar kashe gobara ta hoda guda biyu, a koya wa yara da mai gadi yadda ake cire fil ɗin, a rubuta lamba 18 ta 'yan kwana-kwana a bango. Wutar mai da ta kuran ba a kashe su da ruwa.

Masifa kuma ba wuta da ruwa kaɗai ba ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba shagon da ya ƙone, amma iyakokin Najeriya da Benin sun rufe, Najeriya ta yanke lantarki, cire kuɗi a banki ya yi wuya, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Wanda dilansa ɗaya ne kuma hanyarsa ɗaya, ya zauna yana kallon kanta. Saboda haka ka riƙa sayen ko kaɗan ne a wurin dila na biyu don zumuncin ya rayu. Abin da ya rage na miliyan biyun, aƙalla albashin yara da haya na wata biyu, ka raba shi: wani a banki, wani a asusun waya, kuma kada ka juya shi cikin kaya ko da sukari ya faɗi warwas. Na san nan ne za ka fi jin zafi, ɗan kasuwa ba ya son ganin kuɗi a kwance.

Saura abu guda da ba ka tambaya ba, ranka ya daɗe. In kai ne ka kwanta asibiti mako uku, wa ya san farashin da kake ba kowane mai saye, wa zai iya sa hannu a banki, wa dila zai yarda da muryarsa a waya? Gwada ka gani. Je ka Tawa ko Dosso kwana uku, ka ce kada a kira ka sai in rai ne. In ka dawo, zauna da babban yaronka ya lissafa maka duk inda suka tsaya suna jiran ka, ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takarda, ka aiko mini mu duba tare.