Amsa ga mai tambaya kan malaman kine, wato aikin gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi

Ɗan'uwa Bello ka tambaya wai malaman kine na jami'a koyarwa kawai suke ko suna taɓa mara lafiya. Wallahi suna taɓawa sosai. Ƙanwata daga nan Garwa ta tafi Maiduguri karatun, malaminsu da safe yana asibitin koyarwa, shi zai kama ƙafar mai shanyewar ɓarin jiki yana lanƙwasawa yana miƙewa ɗalibai na tsaye suna kallo, sai ya ce kowa ya gwada, in hannunka ya yi nauyi nan take zai gyara maka. Da rana aji. Bincike kuma dole ne, ba rubutu ba ƙarin girma. Mutanenmu dai har yau tausa suke ce wa aikin kine, abin na ba ƙanwata haushi.