Tambaya da Amsa: Wane Fim Ɗin Ban Tsoro Ya Cancanci Daren Sanyi a Jos?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune tare da iyayena a Unguwar Rogo. Duk shekara idan watan Oktoba ya kama sai na ga shafukan sada zumunta sun cika da jerin finafinan ban tsoro, ana cewa lokacinsu ne ya zo. Ni da yayyena biyu muna son irin waɗannan finafinai, musamman yanzu da sanyi ya fara shigowa ana shiga ɗaki da wuri, amma duk wanda muka karɓo wajen masu turawa sai mu tarar yanka ne da jini da tsiraici, har ba ma iya ƙarasa shi. Ina roƙon ka bayyana mini asalin wannan lokaci, sannan ka zaɓa mana waɗanda mutum zai kalla ya ji tsoro na gaske ba tare da kunya ko ƙyama ta kama shi ba.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da kake gani yana da alaƙa da bikin Halowin da Turawa ke yi a daren 31 ga Oktoba, jajibirin ranar tunawa da waliyyai a kalandar coci. Tushensa yana komawa ga tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da Sukotlan, kuma 'yan ci-rani daga can ne suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, inda daga baya kamfanonin fim suka mayar da watan kasuwar fitar da finafinan firgici. Bikin ba namu ba ne, kuma ba sai mutum ya shiga cikinsa ba kafin ya kalli fim mai kyau. Duk daren da aka samu natsuwa ya wadatar.

Ƙorafinka a kan jini ya yi daidai, domin akwai tazara mai yawa tsakanin ƙyama da tsoro. Fim ɗin da ya dogara ga sara da suka yana tayar da zuciya ne kawai, kuma da zarar an kashe talabijin an manta da shi. Wanda yake sa tsigar jiki ta tashi shi ne wanda ya ɓoye abin tsoron ya bar zuciyar mai kallo ta ƙarasa zana shi da kanta. Masu harkar fim sun daɗe da sanin haka. A lokacin ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, na'urar da aka ƙera a siffar ƙaton kifin ta riƙa lalacewa a cikin ruwan teku, dole Steven Spielberg ya rage nuna ta, ya dogara ga kiɗa da motsin ruwa, kuma wannan ɓoyewar ce ta sa fim ɗin ya razana mutane. Wannan ne ma'auni na farko da nake zaɓe da shi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne kusancin abin tsoron da rayuwar mai kallo, domin Bahaushen da ya tashi yana jin labarin aljanu da mayu da gidan da aka daɗe ba a kwana a ciki ba, kabewar Halowin da aka sassaƙa wa fuska ba za ta kaɗa masa hantar ciki ba.

Saboda haka na fi so ku fara da Under the Shadow, fim ɗin Babak Anvari na 2016, wanda aka yi da harshen Farisanci. Labarin yana faruwa ne a Tehran a ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi, wanda aka gwabza daga 1980 zuwa 1988, lokacin da ake ruwan makamai masu linzami a kan birnin. An tura mijin wata mata mai suna Shideh fagen daga a matsayin likita, ya bar ta da ƙaramar 'yarsu Dorsa a wani bene da mazaunansa ke tserewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan wani makami ya faɗo a rufin benen bai fashe ba, sai 'yar tsanar yarinyar ta ɓace, maƙwabciya kuma ta fara faɗin cewa aljanu suna tafiya cikin iska, suna neman inda tsoro ya yi yawa, kuma idan suka ɗauki wani abin da mutum yake so ba sa rabuwa da shi. Babu yanka a fim ɗin nan. Abin da ke cikinsa uwa ce da ta rasa barci, ta rasa mai taimako, ta fara zargin 'yarta da zargin hankalinta, kuma har kusan ƙarshe ba za ku iya yanke hukunci ba ko aljani ne ya shigo gidan ko fargabar yaƙi ce ta yi mata yawa. Duk mutumin Jos da ya taɓa kwana a ɗaki cikin dokar hana fita, yana kasa kunne ga kowane motsi a waje, zai gane wannan gidan tun kafin a yi masa bayani. Saboda wannan dalilin ne kuma nake cewa idan a gidanku akwai wanda raunin waɗancan kwanaki bai warke masa ba, kada a matsa masa ya zauna.

Na biyunsa shi ne His House na Remi Weekes, wanda Netflix ta fitar a 2020. Miji da mata ne suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka tsallake teku a kwalekwale, aka ba su wani tsohon gida a Ingila bisa sharaɗin kada su bar shi har a gama duba takardunsu na neman mafaka. Da dare ana motsi a cikin bangon gidan, amma ba su da damar tashi, domin tashin yana iya jawo a mayar da su inda suka fito. Matar ta yi imani cewa maye ne ya biyo su saboda wani bashi da suka ɗauko a hanya, mijin kuwa ya dage sai ya zama Bature ya manta da komai. Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matsayin matar, a Zariya aka haife ta, shi ma Sope Dirisu, wanda ya fito a matsayin mijin, iyayensa 'yan Najeriya ne. Akwai wurare kaɗan masu nauyi a cikinsa, musamman inda ake nuna gawarwakin yaƙi, amma ba don nishaɗi aka sa su ba, kuma idan asirin bashin ya bayyana za ku tarar tausayi ya rinjayi tsoro.

Kada ku raina na gida. The Figurine na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2009 kuma ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2010, labarin wasu abokai ne masu yi wa ƙasa hidima da suka tsinci wani gunki a tsohon wurin tsafi cikin daji, wanda aka ce yana kawo shekara bakwai na arziki sannan shekara bakwai na masifa. Abin da ya burge ni shi ne yadda fim ɗin ya bar ƙofa a buɗe, mai kallo ya tambayi kansa ko gunkin ne ya yi aiki ko hassadar ɗan'adam. Akwai kuma Juju Stories na 2021, gajerun labarai uku a kan asirin mallaka da tsintar kuɗi a hanya da maita, kuma ɗaya daga cikin daraktocinsa uku, Abba Makama, ɗan Jos ne. Wannan na manya ne, ba a kallonsa da ƙanne. Garin da ke da hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya da Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa ya kamata matasansa su san abin da 'ya'yansa ke yi a wannan fanni.

Idan kuna son na Turawa mai tsabta, ku nemi The Others na 2001, inda Nicole Kidman ta fito a matsayin uwar yara biyu da hasken rana ke cutarwa, don haka kullum labulen gidan a sake yake, ƙofofi a kulle. Haka nan A Quiet Place na 2018, a kan iyalin da ke magana da hannu saboda wasu halittu masu farautar duk abin da ya yi ƙara. Daga Indiya, Tumbbad na 2018 ya yi zurfi a kan kwaɗayin dukiya da yadda uba ke gadar wa ɗansa shi, ko da yake an gina shi a kan tatsuniyar allolin Hindu. Bhool Bhulaiyaa na 2007 ya fi sauƙi, akwai dariya da waƙa, kuma ya taɓo tambayar da mu ma muke fama da ita, wato yaushe ake kai mara lafiya wurin mai ruƙiyya, yaushe kuma ake kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Masu turawa za su tallata muku jerin Dabbe da Siccin na Turkiyya, domin suna magana a kan aljanu da sihiri a cikin al'ummar Musulmi. Suna da firgitarwa ƙwarai, amma ni ban sa su cikin zaɓina ba. Ihu da ƙazanta sun yi musu yawa, kuma raina ba ya kwanciya da yadda ake jefa karatun ayoyi a tsakiyar abin da aka shirya don nishaɗi. Wanda yake da saurin waswasi a kan sammu da shafar aljanu ya nisance su gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce a Bukuru. Ɗana mai shekara 7 ya kalli wani fim a wayar yayansa, yau kwana da kwanaki ba ya yarda ya shiga banɗaki shi kaɗai, kuma yana farkawa cikin dare da kuka. Su kuma manyan suna ta roƙona in bar su su riƙa kallo. Akwai wanda ya dace da yara?

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya raya miki su. Abin da ya same shi ba baƙon abu ba ne, domin yaro a wannan shekarun bai gama rarrabe abin da aka shirya da abin da ke faruwa da gaske ba. Kada a yi masa dariya, kada kuma yayyensa su riƙa tsorata shi da abin. Ki zauna da shi da rana ya ba ki labarin abin da ya gani, ki bayyana masa cewa mutane ne suka shafa kwalliya a gaban kyamara suka koma gidajensu, a raka shi banɗaki har ya saki jiki, a kuma riƙa yi masa addu'ar kwanciya barci tare. Idan aka yi makonni abin bai ragu ba, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ki kai shi wurin likitan yara.

Mu ma an tsorata mu da Dodo muna ƙanana, amma kaka ce ke ba da tatsuniyar, tana kallon fuskar jikanta, idan ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta murya ta kawo Gizo ya yi abin dariya, ta rufe da ƙurunƙus. Waya ba ta kallon fuskar yaro, don haka dole babba ya kasance a wurin. Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993 kuma take da hedikwata a Abuja, tana sa wa finafinai alamar shekaru irin su 12 da 15 da 18, manhajojin kallo su ma suna nuna tasu alamar, amma fim ɗin da aka turo a waya sau da yawa ba ya zuwa da komai, sai ke ki bincika sunansa kafin ki yarda. Ga ƙanana, Scooby-Doo, wanda aka fara nunawa tun 1969, ya dace sosai, domin a tsofaffin shirye-shiryensa kusan kullum ana tone asirin fatalwar a gano mutum ne ya sa abin rufe fuska, kuma wannan shi ne ainihin darasin da ɗanki yake bukata yanzu. Hotel Transylvania na 2012 shi ma wasa ne da dariya. Amma ki yi hattara da Coraline na 2009, domin ko da yake da 'yan tsana aka yi shi har ya yi kama da na yara, labarin wata uwar ƙarya ce mai maɓallai a madadin idanu, kuma ya fi ƙarfin mai shekara 7. A bar shi ga waɗanda suka haura 10, su ma tare da babba.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Rikkos, na fi son shiri mai dogon zango da zan riƙa bi kaɗan-kaɗan bayan aiki. Me za ka ba ni?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara da Paranormal na Masar, wanda ya fito a 2020 cikin kashi 6 da harshen Larabci, an ɗauko shi daga littattafan Ahmed Khaled Tawfik. Jaruminsa likitan cututtukan jini ne a Alƙahira a ƙarshen shekarun 1960, wanda ya dage cewa komai yana da bayani a kimiyyance alhali abubuwan da ke bin sa suna ƙaryata shi, kuma ina ganin mai aikin asibiti za ta ji daɗin wannan jayayya. Idan kin gama, The Haunting of Hill House na 2018 yana da kashi 10, a kan 'yan'uwa biyar da suka tashi a wani gida da ya ci mahaifiyarsu, kowanne ya girma da nasa tabon. Ya fi na farkon nauyi, akwai maganar kashe kai da shaye-shaye a ciki, don haka kada ki ɗora shi a kan ranar da kika yi fama da rasuwa a wurin aiki. Kingdom na Koriya, wanda ya fara a 2019, yana da labarin sarauta da annoba mai jan hankali, sai dai jininsa yana da yawa. Duk wanda kika zaɓa, ki nemi mai rubutun fassara a ƙasan allo, ki bar muryoyin asali yadda suke, ki kuma sa abin sauraro a kunne idan a waya za ki kalla, domin rabin aikin waɗannan shirye-shirye a cikin sauti yake, kuma lasifikar waya tana haɗiye ƙananan motsin da aka gina tsoron a kansu.